Tafin Hannun Ottavia

A bayan garin Modena, inda gonakin inabi
suka yi wa masana'anta ƙawanya,
kafin ƙararrawar coci ta buga shida
Ottavia Bergonzini ta jingine kekenta,
ta wanke hannu sau biyu, kamar mai shiga ɗakin tiyata.

Ni ne yaronta, mai miƙo sifana.
Shekara uku ban ɗaure noti ba sai da idonta a kaina.

Silinda goma sha biyu, shida nan, shida can,
sun haɗa gindi sun raba kai kamar gwafa.
Kowane fistan sai ya hau sikeli.
In ya ɗara ɗan'uwansa da nauyin ƙwayar gishiri
ta mai da shi akwati, ba ta ko tanka.
Ta ce, "Nevio, abin da zai juya sau dubu tara a minti
ba ya yafe ƙaramin zalunci."

Gangar jikin motar ba ƙarfe ba ce,
saƙa ce ta zaren gawayi da aka gasa a tanda,
mutum biyu sa ɗaga ta, guduma ta sha kunya.
Birkinta tangaran ne, in ya ji wuya
ya yi ja kamar garwashi, bai kuwa saki ba.
Tana da fiffike a baya, amma ba na tashi ba ne,
iska yake tara ya danne ta da ita
har taya ta kama kwalta a kwana
kamar kaska a kunnen kare.

Doki ɗari takwas, in ji takarda.
Ottavia ta ce ko jaki ba ta taɓa gani a ciki ba,
wuta ce da iska da fetur aka koya wa bin layi.

Shekara talatin da takwas tana haɗa su,
ba ta taɓa zama a kujerar ɗaya ba.
Kunnenta na hagu ma, tuni injin ya cinye.

Ranar sallamarta ana yayyafi.
Ermes Tassinari, direban gwaji, mai ɗingishi,
ya ɗaga mata ƙofa sama kamar fiffiken fara,
ya ɗaure mata ɗamara da hannunsa.
Ni ina bakin shinge da agogo.

Ya taka totur.
Ban kai uku a ƙirga ba sun wuce ɗari.
Giya na shiga giya, ba a jin gaɓa.
Salansa ta fara da gurnani, ta koma kuka,
ta ƙare da wata murya da ba ni da sunanta.
Tattabarun rufi suka watse,
ruwan kwalta ya miƙe a bayansu kamar jelar zakara.

Ɗari uku da ashirin a miƙaƙƙiyar hanya.
Ermes ya ce ko sau ɗaya ba ta dubi maleji ba.
Ido rufe, ta kai tafin hannu baya
ga bangon da ya raba su da injin,
kamar uwa a goshin ɗa mai zazzaɓi.

Suka tsaya. Birki na tururi, ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.
Manaja ya taho da furanni, da jawabi a aljihu.
Ta wuce shi, ta nufo ni.
"Bawul ɗin silinda ta bakwai na makara da ƙiris.
Wa ya ɗaure?"

Injin farko ke nan da na haɗa ni kaɗai.
Na ce ni ne.

Na'ura ta ce lafiya lau. Muka buɗe duk da haka.
Kaurin gashi a raba huɗu, shi ne kuskurena.
Ta ajiye sifanarta a tafina, ta koma gefe,
a daren nan ita ce ke miƙowa.

Sha ɗaya ta wuce ta hau kekenta,
fitilar gaba na kaɗawa a cikin ruwa,
sarƙa na ƙara. Ta ce gobe za ta sa mata mai.